Yadda Za Ka Zaɓi Kyamarar da Ta Dace da Aikinka

Kafin ka tambayi farashi ko ka shiga gardamar Canon da Nikon, zauna ka amsa tambayoyi uku: me za ka fi ɗauka, a wane irin haske, kuma ina hoton zai ƙare, a waya, ko a albam, ko a bango? Mai ɗaukar dina da dare, da mai sayar da atamfa a Instagram, da mai bin dawaki ranar hawan sallah, kowannensu kayan aikinsa daban ne. Yawancin waɗanda suka yi nadamar sayen kyamara lafiyayya suka saya, matsalar dai ta wani aikin ce ba nasu ba.

Idan abin da kake so bai wuce hoton yara da na tafiye-tafiye da rana ba, kuma a WhatsApp zai tsaya, waya mai kyau ta ishe ka. Kyamara tana nuna fifikonta ne a wurare huɗu: inda haske ya yi ƙaranci, inda abin ɗauka yake nesa, inda yake gudu, da inda za a wanke hoton da girma.

Megafiksel ba shi ne ma'auni ba

Megafiksel, wato yawan ɗigon da ke cikin hoto da miliyan-miliyan, shi ne abin da mai shago zai fara faɗa maka, kuma shi ne ya fi ƙarancin muhimmanci. Kyamara mai megafiksel 24 tana ba da hoto mai ɗigo 6000 a tsawo da 4000 a faɗi. In aka wanke shi da ɗigo 300 a kowane inci, wanda shi ne ma'aunin aiki mai tsabta, zai kai inci 20 da 13. Wannan ya wuce shafin yawancin albam na biki. Babban firem ko allon talla kuwa daga nesa ake kallonsa, ba ya buƙatar ɗigo masu yawa haka. Duk abin da ke tsakanin 20 da 26 ya isa kusan kowane aiki. Mai 45 ko 60 tana da amfani ga wanda yake yanke hoto sosai, amma za ta cinye memori, ta kuma nauyaya kwamfuta wajen gyara.

Abin dubawa shi ne girman sensa, wato ɗan farantin da haske ke sauka a kansa a cikin kyamara. Babba, wanda ake kira ful-firem, milimita 36 ne da 24. Na tsakiya, APS-C, kusan 23.5 da 15.6 ne a Nikon da Sony da Fujifilm, na Canon kuma ya ɗan fi ƙanƙanta, 22.3 da 14.9. Na Panasonic da Olympus da ake kira Micro Four Thirds 17.3 ne da 13. Faɗin ful-firem ya ninka na APS-C fiye da sau biyu, saboda haka ya fi tara haske, kuma hotonsa na dare ba ya saurin yin yashi-yashi idan aka ɗaga ISO, lambar da ke ƙara wa hoto haske a cikin duhu, zuwa 3200 ko 6400. Kuɗinsa ma haka yake, bodi, wato jikin kyamarar, da lens duka sun fi tsada, sun fi nauyi. Mai farawa, da duk wanda yawancin aikinsa na rana ne ko na filasha, APS-C ta wadatar da shi.

Lens ake fara zaɓa

Bodi kan tsufa cikin 'yan shekaru, lens mai kyau kuwa yakan yi aiki a kan bodi biyu ko uku. Lambobi biyu ne a jikinsa. Ta farko, mai mm, tana nuna faɗin abin da zai kwaso: 18 ko 24 yana ɗaukar ɗaki gaba ɗaya, 50 ya yi kusa da ganin ido, 85 na fuska ne, 200 zuwa sama na jawo nesa. A kan APS-C sai ka ninka lambar da 1.5, ko 1.6 in Canon ce. Ma'ana 50mm zai koma kamar 75 ko 80. Mutane da yawa sukan sayi 50mm don an ce shi ne sarkin arha, sai su shiga ɗakin amarya su tarar bayansu ya kai bango amma mutum uku ba su shiga hoton ba. A kan APS-C, 35mm ko ma 24mm ne ya dace da ɗaki.

Lamba ta biyu, mai f, tana nuna girman ƙofar da haske ke shiga, kuma ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Lens ɗin da yake zuwa tare da kyamara a kwali yawanci 18-55mm ne, f/3.5-5.6. In ka jawo shi zuwa 55, ƙofarsa tana tsukewa zuwa 5.6. Lens mai f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na wannan. Wannan ninki goman shi ne bambancin fuskar da ta fito tas a ƙarƙashin kwan lantarki guda da wadda ta fito dishi-dishi. Shi ne kuma yake narkar da bayan mutum, abin da masu biki suke kira hoto mai aji. Ƙaramar kyamara da lens mai 1.8 za ta kayar da babbar kyamara mai lens ɗin kwali a cikin ɗaki, kuma kuɗinta bai kai ba.

Akwai tarko a nan. Ƙofa in ta buɗe sosai, yankin da ke fitowa sarai yana zama siriri. Ka jera dangin ango sahu uku ka ɗauka a f/1.8, sahun gaba kaɗai zai fito. Hoton jama'a yana son f/5.6 zuwa f/8, sai a cike gibin hasken da filasha.

Wanda ba ya son yawan canje-canje ya nemi zum mai tsayayyar ƙofa 2.8: 17-50mm ko 18-50mm na Sigma ko 17-50mm na Tamron a kan APS-C, 24-70mm ko 28-75mm na Tamron a kan ful-firem. Haruffan IS a Canon, VR a Nikon, OSS a Sony suna nufin lens ɗin yana rage rawar hannu. Rawar hannunka kawai yake ragewa, ba ya tsayar da mai rawa a fili.

Mai madubi ko mara madubi

DSLR tana da madubi a ciki da ke tura hoto zuwa tagar leƙe. Mara madubi kai tsaye take nuna maka abin da sensa ke gani, har da yadda hasken zai fito kafin ka danna, kuma sababbinta suna kama idon mutum su bi shi duk inda ya juya. Bayan 2020 Canon da Nikon ba su fitar da sabuwar DSLR ba, ƙarfinsu ya koma kan marasa madubi, RF na Canon da Z na Nikon, da suka fara a 2018. Sony kuwa ta riga su, A7 ta farko ta fito a 2013.

Wannan bai sa DSLR ta zama shara ba. Na hannu sun cika kasuwa da sauƙin kuɗi, lens ɗinsu ma haka, kuma batirinsu yana jimrewa. Nikon D3500 a ma'aunin kamfani tana ɗaukar hoto 1,550 da caji ɗaya, D750 kuma 1,230, alhali ƙananan marasa madubi da yawa suna tsayawa tsakanin 300 da 400 da 'yan kai. Inda wuta ba ta da tabbas wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ta ɗaya ɓangaren, marasa madubi da yawa suna karɓar caji ta USB daga fawa-banki, abin da yawancin DSLR ba sa yi.

Sayen bodi kamar aure ne, dangin gaba ɗaya ka shiga, domin kowane kamfani da bakin da lens ɗinsa ke ɗauruwa. Lens ɗin Canon EF yana aiki lafiya a kan RF da adafta, na Nikon F kuma a kan Z da adaftar FTZ. Amma Canon M50 da 'yan uwanta masu bakin EF-M an daina yin su, kuma lens ɗinsu ba ya hawa RF ko da adafta. Ƙananan Nikon, jerin D3000 da D5000, ba su da injin juya fokos, wato saita abin ɗauka ya fito sarai, a bodi, don haka tsohon 50mm f/1.8D mai arha ba zai saita kansa a kansu ba, sai mai alamar AF-S. Canon 4000D da 250D da wasu 2000D kuma an cire musu babban fil ɗin tsakiya a mazaunin filasha, har wasu filasha na wasu kamfanoni ba sa tashi a kansu. Canon R50 ma tana buƙatar ƙaramar adafta kafin ta karɓi tsohuwar filasha. Duba kuma abin da abokan sana'arka suke riƙewa. Ranar da batir ya mutu ana tsakiyar kamu, na maƙwabci ne zai cece ka, in iri ɗaya kuke.

Aikin biki

Nan ne kyamara take shan jarrabawa mafi tsanani, don ɗaurin aure ba a maimaita shi. Abu na farko, ramin memori biyu, a saita kyamara ta riƙa rubuta kowane hoto a duka biyun. Nikon D750 da D7200 da Z5, Canon 5D Mark III da Mark IV da R6, da Sony A7 III duk suna da shi. Canon 6D, 6D Mark II, RP da R8 rami ɗaya gare su, duk da kyan hotonsu. Memori yakan lalace ba sallama, kuma babu bayanin da zai gamsar da uwar amarya.

Na biyu, haske mai wuyar sha'ani. Ango baƙi ko wankan tarwaɗa cikin farar shadda mai ƙyalli, a ƙofar masallaci da tsakar rana: kyamara za ta ga fari ya yi yawa ta rage haske, fuska ta dushe. In ka ƙara don fuska, aikin wuyan rigar ya ƙone ya zama fari fat. Maganin shi ne ɗauka a RAW, wanda ke ajiye bayanin inuwa da na haske har a iya dawo da su a kwamfuta, tare da ɗan hasken filasha a fuska. Saboda haka kada ka sayi kyamarar da ba ta RAW, kuma ka tanadi wuri, domin kowane hoto mai megafiksel 24 yakan ci megabait 25 zuwa 30. Memori mai gigabait 64 zai ɗauki wajen 2,000.

Na uku, filasha ta waje mai kai da ke juyawa, a harba ta silin ko bango haske ya dawo a tausashe. 'Yar ƙaramar da ke kan kyamara tana sa goshi ya yi maiƙo, kwalliyar amarya ta yi fari kamar ba fatarta ba. Filashar kamfanin Godox ta yaɗu don sauƙin kuɗinta, sai dai ka duba harafin ƙarshe, C na Canon, N na Nikon, S na Sony. Da filasha saurin shota, wato ɗan lokacin da haske ke samu ya sauka kan sensa, ba ya wuce 1/200 ko 1/250 na daƙiƙa a yawancin kyamarori, in ka wuce sai baƙin layi ya rufe gefen hoto, sai dai in filashar tana da tsarin HSS da ke cire wannan iyakar. Ba tare da filasha ba, masu rawa suna son 1/250 zuwa 1/500.

Bidiyo, dawaki, kayan sayarwa

Mai bidiyo ya fara duba ramin makirfo. Nikon D3500 da Canon 2000D ba su da shi, kuma mai kallo yana haƙuri da hoto mai rauni fiye da sauti mai hayaniya. Sai sikirin mai juyowa gaba ga mai ɗaukar kansa, da fokos mai bin fuska. Sony ZV-E10, Nikon Z30 da Canon R50 don wannan aka yi su, amma biyun farko ba su da tagar leƙe, abin da ke wahalarwa a tsakar rana idan sikirin ya daina ganuwa. Tsofaffin kyamarori da yawa, har A7 III, suna yanke ɗauka a minti 29 da daƙiƙa 59. Mai ɗaukar wa'azi ko lacca ya kula da wannan, Sony a6400 ba ta da wannan iyakar. Bidiyon 4K mai megabit 100 a daƙiƙa tana cin gigabait 45 a awa ɗaya, kuma tana son memori mai saurin rubutu, mai alamar V30.

Wutar Najeriya da Nijar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Kyamarar da aka shigo da ita daga Amurka takan zo a saitin NTSC, firem, wato hoto, 30 ko 60 a daƙiƙa, sai ka ga layuka suna yawo a bidiyon da aka ɗauka ƙarƙashin fitila. Mayar da ita PAL, firem 25, shota 1/50. In wutar janareta ce, yi gwajin daƙiƙa goma ka kalla tukuna.

Hawan sallah, ƙwallo, dambe da kokawa suna son shota 1/1000, da kyamara mai harbi a jere, da lens mai nisa. Canon 2000D hoto 3 take yi a daƙiƙa, da maki 9 na fokos, ba za ta riƙe dokin da ya taho jafi ba. Canon 7D Mark II da Nikon D500 suna yin 10, Sony a6400 11, Canon R10 15. A nan APS-C ta fi riba, tunda 200mm ya koma kamar 300. Da rana 55-250mm ko 70-300mm ya isa. 70-200mm f/2.8 ya fi kowa, amma tsohon samfurinsa ya kai kilo ɗaya da rabi, ka tuna yini za ka yi da shi a wuya.

Mai sayar da atamfa, leshi, takalma ko turare ba ya buƙatar gudu ko kaɗan. Kowace APS-C, da sandar kafawa mai ƙafa uku, da hasken taga ko fitila biyu masu laima. ISO 100, f/8. Abin da ya fi damun sa launi ne: ya ɗauki farar takarda a cikin hasken da zai yi aiki da shi, ya saita farin kyamara a kanta, kada ya haɗa hasken taga da na kwan lantarki. In ba haka ba shuɗi zai koma ruwan hoda, mai saye ya dawo da kaya.

Rabon kuɗi

Farashi yana bin canji, ba shi da amfani a rubuta shi. Rabo ne abin riƙewa: kada bodi ya ci fiye da rabin abin da ke hannunka. Sauran na lens ne, da batir na biyu, da memori biyu, da filasha, da jaka mai soso, da wurin ajiyar hotuna na waje. Jabun memori sun yi yawa, za a rubuta 128 alhali cikinsa bai kai rabin haka ba, ya yi ta karɓar hoto yana goge na baya. Manhajar H2testw tana cika shi ta karanta ta faɗi gaskiyar girmansa. Yi wannan kafin ka kai shi wurin aiki.

In ta hannu za ka saya

Ko a Computer Village ta Ikeja ne, ko Banex a Abuja, ko wajen wani da ka gani a Jiji, gani ya kori ji. Je da memorinka, da ƙaramar tocila, in da hali da laftof da wanda ya san kyamara.

Fara da ƙidayar shota, wato yawan hotunan da ta taɓa ɗauka. Ƙananan DSLR an ƙiyasta musu wajen 100,000, 5D Mark III da D750 150,000, A7 III 200,000. Ba ranar mutuwa ba ce, wasu sukan wuce nesa, amma wadda ta ci kashi biyu cikin uku dole kuɗinta ya sauka. Nikon tana rubuta lambar a cikin bayanan kowane hoto, akwai shafukan intanet da ke karanta ta. Yawancin Canon sai an haɗa da kwamfuta da manhaja. Kyamarar da aka yi bidiyo da ita zalla za ta nuna ƙaramar lamba alhali ta sha wuya, don haka dubi gogewar roba, da bakin HDMI da na USB ko sun yi sako-sako, da kan sukurori ko an taɓa kwance su.

Sai sensa. Sa ISO 100 da f/16 ko f/22, ɗauki farin bango ko sararin sama, ka faɗaɗa hoton. Ɗigo-ɗigo masu duhu ƙura ce, tana gogewa. Dogon layi siriri ƙarzuwa ce, ka bar ta. Rufe lens da murfinsa ka ɗauki baƙin hoto na daƙiƙa ɗaya ko biyu: ja ko koren ɗigo ɗaya ko biyu ba komai, tarinsu ko layi daga sama har ƙasa alamar sensa ya gaji ne.

Cire lens ka haska tocila ta bayansa. 'Yar ƙura ba ta shafar hoto. Zare-zare kamar yanar gizo-gizo fumfuna ce, wadda ta fi kama kayan da suka daɗe a wuri mai laima irin bakin teku, tana yaɗuwa, tana kuma cin rufin gilashin. Hazo a cikin gilashi ma abin gudu ne. Juya zoben zum da na fokos ka ji ko suna tafiya sumul. Jera batura uku a kan tebur, kowanne ya ɗan fi na gabansa nisa, ka saita a na tsakiya da ƙofa a buɗe. In na gaba ko na baya ne ya fito sarai, fokos ya kauce, matsalar da ta fi yawa a DSLR. Gwada kowane maɓalli, da duka ramukan memori, da filasha a mazauninta, sannan ka bar ta tana ɗaukar bidiyo minti goma ka ga ko za ta yi zafi ta mutu.

Ƙura da zafi

Yawancin kamfanoni sun rubuta cewa kyamarorinsu suna aiki tsakanin digiri 0 da 40, alhali bazarar Sakkwato da Maiduguri da Yamai tana wuce haka. Kada a bar kyamara a motar da aka rufe, kuma mai dogon bidiyo ya nemi inuwa, ya janye sikirin daga jikin bodi don zafi ya fita. Da hunturu, mara madubi ta fi kwasar ƙura, don da zarar an cire lens sensa a fili yake. Kashe ta, juya bakinta ƙasa, ka canja lens a cikin ɗaki ko mota. Sayi robar hura iska, kada ka hura da baki, kada ka goge gilashi da gefen riga, ƙurar tana da yashi mai ƙarzawa. Da damina kuma a sa ƙullin silika mai shan laima a jaka, a riƙa buɗe ta tana shan iska. Mai aikin fili da yawa ya fifita bodi da lens masu robar toshe ƙura, ko bodi biyu, kowanne da lens ɗinsa, yadda ba sai an buɗe ba.

Kafin ka biya, a rubuta lambar jikin bodi da ta lens a rasit, ka tabbatar ta yi daidai da wadda ke cikin bayanan hoton da ka ɗauka, a kuma rubuta kwanakin da za ka iya dawo da kaya in wani aibi ya bayyana. Mai sayarwar da ya ƙi a yi gwaji ko ya ƙi rubuta lamba, akwai shago a gaba.